Sunan Ɗan Tasi'u

Ku gyara zama, yau sai kun yi gardama.

Tasi'u direban tirela ne. Don kada barci ya sace shi a hanyar Legas, ya fara zuƙar ƙwayar nan mai kama da ƙanƙara da ake kira ais. Barci ya ƙaurace masa baki ɗaya. Ana saura kwana kaɗan matarsa ta haihu, da rana tsaka ya fito tsakar gida da adda, gumi sharkaf, yana saran bango wai akwai mutane a ciki suna shirin kashe shi. Maƙwabta suka taru da sanduna.

Yayansa Hashimu ya kori masu sanduna, ya zauna a ƙasa, yana kiransa a hankali da sunan da kakarsu take kiransa, har ya karɓe addar. Ya tsira da sara a damtse.

Mahaifiyarsu ta ce aljanu ne, a ɗaure shi a kira mai ruƙiyya. Ƙanensa Basiru ya taɓa jikinsa ya ji zafi zau, ƙirji na dukan uku-uku. Tsohuwa ta ce in ya kai mata ɗa wurin mahaukata ba ta yafe ba. Basiru, wanda bai taɓa yi mata musu ba, ya cusa shi a Keke Napep yana hawaye, sai asibiti.

Can likita ta tambayi abin da ya sha. Dangi suka yi ta rantsuwa ko sigari ba ya taɓawa, kun san mu da rufin asiri ko rai zai fita. Sai amininsa Nafi'u ya sunkuyar da kai a gaban tsohuwa.

"Ais ne, likita. Ni na fara ba shi."

Nan take aka yi masa allurar da ta kwantar da shi, aka sa ƙarin ruwa, aka dinga sanyaya jikinsa. Likita ta ce da an ƙara jinkiri da zuciya ta buga.

Yanzu Tasi'u ya dawo hayyacinsa, matarsa ta haifi namiji, gobe suna. Ya rantse sunan wanda ya ceci ransa zai raɗa wa yaron. Hashimu na jinyar hannu, tsohuwa ba ta amsa gaisuwar Basiru, Nafi'u kuwa an hana shi taka ƙofar gidan.

To, ku faɗa mini, gobe da safe sunan wa liman zai kira?