Harafin da Ya Danne Muryoyin Tsofaffi

Akwai wani matashi mai suna Corbin Ashdown da ya zo mana daga Toronto, a shekarar da aka yi ta zuba dusar ƙanƙara har cikin watan Mayu. Aiki ne ya kawo shi wani ƙaramin kamfanin gina shafukan intanet a garinmu, Thunder Bay.

Ofishin ɗaki biyu ne kacal a saman wani gidan burodi. Ni ma na yi shekara shida a wurin. Mu biyar ne, da na'urar ɗumama ɗaki guda ɗaya wadda sai an buga mata ƙafa take tashi. Yanzu an rufe ofishin, amma har gobe idan na bi ta titin sai na ɗaga kai na dubi tagar.

Mai kamfanin shi ne Lorne Pasternak, mutum mai raha da saurin ruɗewa. Wadda ta fi kowa daɗewa kuwa ita ce Ritva Salmela. Shekarunta hamsin da takwas, ga furfura, ga tabarau rataye a wuya. Tun intanet yana rarrafe take gina shafuka, kuma ita ke kula da saba, wato babbar kwamfutar da ake ɗora shafi a kanta domin duniya ta gani.

Corbin ya iya aiki, wannan babu mai musu. Hannunsa kamar walƙiya. Matsalarsa ɗaya ce: a ganinsa duk wanda ya riga shi fara aikin, zamani ya riga ya wuce shi.

Ranar da ya fara ganin Ritva tana ɗora fayil ɗaya bayan ɗaya da hannu, sai ya tsaya a bayanta ya riƙe ƙugu.

"Ritva, har yanzu haka kuke yi a nan? A Toronto ai sai a ɗauke ki a kai gidan tarihi."

Ta ce, "To, idan za su ba ni kofi a can, ba na ƙi ba."

Muka yi dariya, shi bai yi ba.

A satin ya shigo da abin da ake kira manhajar haɗi. Kai dai ka rubuta aikinka gutsure-gutsure, ita za ta tattara, ta matse, ta ɗinke, ta fito maka da shafi kammalalle cikin minti ɗaya. Gaskiya abin ya burge kowa, har Ritva. Ta ja kujera kusa da shi ta ce ya nuna mata yadda ake girka ta.

Ya ce, "Zai ɗauke ni lokaci kafin ki gane. Ki bari sai na samu sarari."

Sararin bai taɓa zuwa ba.

Ana nan sai muka samu wani aiki wanda ya bambanta da saura. Ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan rumbunan alkama na bakin tafkin garinmu ce ta zo. Yawancin rumbunan sun daɗe da mutuwa, mutanen da suka yi aiki a cikinsu kuma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Shugabansu, Mista Veikko Harju, ɗan shekara tamanin da huɗu, ya yi shekara goma yana bin abokansa gida-gida da rikoda, yana ɗaukar muryoyinsu suna ba da labarin aikin. Fiye da rabinsu sun riga sun rasu.

Ya hawo benen nan da sanda, yana hutawa a kowace matattakala ta uku. Ya ajiye kwali cike da hotuna da kaset a teburin Lorne.

"Ina so jikokinsu su danna su ji muryar kakansu," ya ce. "Za mu yi taro ranar Asabar ta ƙarshen wata, ƙarfe biyu, a zaurenmu. Shi ne taro na ƙarshe, don an sayar da zauren. Zan iya dogara da ku?"

Corbin ne ya riga kowa amsawa. "Mista Harju, wannan aikin kwana goma ne a wurina."

Haka kuwa aka yi. Ritva ta zauna tana juyar da kaset ɗin nan zuwa kwamfuta, wani lokaci mu ga ta cire tabarau ta sake saurare, don ta san masu maganar. Corbin kuma ya gina shafin da sabuwar manhajarsa. A kwamfutarsa shafin ya yi kyau matuƙa. Ka danna hoton mutum, muryarsa ta fito.

Ranar Juma'a da rana, ana gobe taro, ya ce bari ya ɗora shi a saba.

Ya ba da umarnin girka manhajar haɗin a can. Ta fara, ta yi nisa, sai allon ya cika da jan rubutu, ta tsaya cak. Ya goge komai ya sake. Jan rubutu. Ya sake gogewa, ya sake girkawa. Sau bakwai na ƙirga da kaina, kuma ko sau ɗaya bai tsaya ya karanta abin da rubutun ke cewa ba. Yana ganin ja sai ya kwafi layin ƙarshe ya je nema a intanet, ya ɗauko maganin wani ya gwada.

Ritva ta taso da kofinta a hannu.

"Corbin, ko in duba maka?"

"Ki duba me? Kin ma san sunan abin?"

"Ban sani ba. Amma na iya karatu."

Ya ce, "Na gode. Ki koma wurin kaset ɗinki."

Ta koma teburinta.

Wajen ƙarfe huɗu Lorne ya fito daga ɗakinsa gumi na keto masa duk da sanyin garin. Ya tambayi inda aka kwana. Corbin ya juyo da kwamfutarsa ya nuna masa.

"Ka gani? A wurina yana aiki lafiya lau. Matsalar daga saba take. Tsohuwa ce, kuma mai kula da ita ma..." Ya ɗan rage murya, amma ofis ɗaki biyu ina za ka ɓoye magana? "Lorne, gaskiya ya kamata ka fara tunanin ko lokacin hutun Ritva bai yi ba."

Ritva tana ɗaure igiyar takalminta na dusar ƙanƙara a lokacin. Ta gama ɗaurewa, ta ɗauki jakarta, ta ce mana sai da safe kamar yadda ta saba.

Washegari da ƙarfe takwas muka tarar da Corbin a kujerarsa, idanu jajur, shafi kuwa yana nan inda yake. Ido ya raina fata. Mista Harju ya riga ya bugo waya sau biyu, yana cewa an jera kujeru tamanin, har wata jikar abokinsa ta taso daga Winnipeg da mota.

Ƙarfe takwas da rabi muka ji takun Ritva a bene. Ranar Asabar ba ranar aikinta ba ce. Ta shigo da kwalin burodin kirfa daga ƙasa, ta ajiye ɗaya a gaban Corbin.

"Ci tukuna. Ba a gyara komai da yunwa."

Ya dube ta. Da kansa ya ja kujerarsa gefe.

Ta sa tabarau. "Sake ba manhajar umarnin, in ga yadda take faɗuwa."

Jan rubutun ya cika allo. Corbin ya kai hannu zai goge, ta riƙe masa hannun riga.

"Tsaya mana. Koma can sama, inda abin ya fara. Layin ƙarshe kuka ne kawai. Dalilin kukan yana sama."

Ta ɗora yatsa a allon tana bin layi-layi, leɓenta na motsi. Mu kuwa muna ta kallon agogo. Ta kai minti goma kafin yatsan ya tsaya.

"Ga shi nan. Manhajar tana cewa tana buƙatar inji sabon fita, wato shirin da take gudu a kansa, na saba kuma tsoho ne. Naka wane ne?"

Ya duba kwamfutarsa. Nasa ya fi na sabar sabunta nesa ba kusa ba.

Ta ce, "To ka yi gaskiya a rabi. Sabar tawa tsohuwa ce. Da ka faɗa mini abin da manhajarka take ci, da na tanadar mata tun satin jiya."

Ta sa sabon injin a gefe ɗaya, don kada ta taɓa sauran shafukan mutane da ke kan sabar. Suka sake girkawa. Wannan karon ta wuce sumul, ta haɗa shafin, ta ɗora shi. Lorne ya fara tafi.

Corbin ya buɗe shafin, ya danna hoton wani dattijo. Shiru. Ya danna na biyu. Shiru. Hotuna sun fito, amma babu murya ko ɗaya. Lokacin ƙarfe sha ɗaya ta wuce.

Ya dafe kai. "Wannan kam ban san shi ba. Wallahi a wurina suna magana."

"Na yarda," in ji Ritva. "Saba tana cewa ba ta ga foldar muryoyin ba, wato ma'ajiyar da ka zuba su a ciki. Nuna mini inda ka kira sunanta a aikinka. Yawwa. Yanzu nuna mini foldar kanta."

Ta dubi wannan, ta dubi wancan. Ta sake duban wannan. Sai ta yi ɗan murmushi.

"Corbin, karanta mini harafin farko a nan."

"Babba ne."

"A nan fa?"

Ya matso da fuskarsa kusa da allon. "Ƙarami."

"Kwamfutarka mai kawar da kai ce, babba da ƙarami duk ɗaya ne a wurinta. Saba kuwa irin mahaifina ce. Idan ka rubuta sunansa ba daidai ba, zai ce ba shi ake nema ba."

Da hannunsa ya gyara harafin. Manhajar ta sake haɗawa. Ya danna hoton, sai muryar wani tsoho ta cika ofishin, yana ba da labarin ranar da ƙurar alkama ta mayar da su farare tas har matansu suka kasa bambance su a bakin ƙofa.

Lorne ya zube a kujera. Da numfashinsa ya dawo, ya ce, "Yanzu ku faɗa mini, laifin wa ne wannan?"

Ritva tana goge tabarau. "Tsohon inji ne da harafi ɗaya. An gyara duka. Ku tashi mu tafi, kada mu makara."

Zauren ya cika. Tsofaffi da sanduna, mata da rigunan coci, kofi a manyan butoci. Mista Harju ya tsaya a gaban majigi yana danna hotuna ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan wani mai suna Taras Bodnar, sai wata dattijuwa a layin gaba ta ɗaga hannu. Matarsa ce, shekara bakwai ke nan da rasuwarsa.

"Veikko, sake sa shi," ta ce.

Ya sake. A cikin maganar mijin ya yi wani ɗan tari kafin ya yi dariya. Ta juya ga jikarta ta ce, "Kin ji? Haka yake yi idan zai ƙara gishiri a labari." Zauren ya kwashe da dariya, rabinsu suna share ido.

Daga ƙarshe Mista Harju ya kira Corbin gaba, ya ce ga yaron da ya cika alkawari. Aka yi ta tafi. Corbin ya karɓi makirufo.

"Ni na gina shi," ya ce, "amma ni ne kuma na kusa hana ku jin sa yau. Jiya na ɗora laifin a kan wata, a gaban mai gidanmu, alhali ita ba ta ji ba, ba ta gani ba. Yau da safe ta zo ta gyara kuskurena. Sunanta Ritva Salmela, ga ta can baya kusa da butocin kofi."

Ashe da yawansu sun san mahaifinta, shi ma a rumbu ya yi aiki. Suka yi ta kiran ta har sai da ta fito, fuskarta ta yi ja.

Bayan an watse, muna kwashe kujeru, na ji Corbin ya matsa kusa da ita.

"Ritva, kin ji abin da na faɗa wa Lorne jiya, ko?"

"Na ji."

"To me ya sa da ya tambayi mai laifi ba ki nuna ni ba? Ai da kin rama."

Ta jingina kujerar da ke hannunta a bango.

"Lokacin da nake sabuwa, na taɓa goge aikin wata guda da kuskure. Shugabana ya tara kowa ya wanke ni tas. Na tabbata ya koya mini wani abu a ranar, amma ka ga shekara talatin ke nan, ban iya tuna ko kalma ɗaya ba. Kunyar kawai nake tunawa. Ni kuma so nake ka tuna harafin."

Ranar Litinin shi ya ja kujerarsa zuwa teburinta. Cikin sati biyu ta iya manhajar haɗin, har ta rubuta mana takarda mai bayanin yadda ake girka ta daga farko zuwa ƙarshe. Sun yi shekara huɗu suna aiki tare kafin ta yi ritaya da ƙafarta, a lokacin da ita ta ga dama. Mista Harju bai ga bazarar da ta biyo bayan taron ba, amma muryarsa tana cikin shafin tare da ta abokansa.

Darasi: Gwaninta ba ta hana kuskure, amma girman kai yana hana mutum ganin nasa. Kafin ka ɗora laifi a kan wani, tsaya ka karanta matsalar daga farkonta. Idan kuma Allah ya ba ka dama a kan wanda ya raina ka, ka gyara shi ba tare da ka tozarta shi ba, domin abin da aka koya cikin mutunci shi ke zama. Ku tura wa abokan aikinku wannan labari, musamman wanda ya taɓa yin haƙuri da ku lokacin da kuke koyo.