Ramin Mutawakkil

Akwai wani manomin shinkafa a Tungar Badamasi, can bayan Bagudo ta wajen iyakar Benin, ana ce masa Alhaji Mutawakkil. Allah ya hore masa, kuma a gaskiya ba marowaci ba ne. Aibinsa guda: in ya ba ka allura, sai garin duka ya ji cewa garma ya ba ka.

Hanya ɗaya ce ke fitar da mutanen tungar zuwa bakin titi, kuma wani rafi ya ratsa ta. Da damina ta kankama shi ke nan, an rufe su kamar kaji a akurki. Masu neman ƙuri'a sun sha zuwa su auna wurin, amma ko tsakuwa ba a taɓa saukewa ba.

Da aka gaji da jira, Malam Usuman, shugaban manoman garin, ya ce su gina wa kansu kwalbati a kan rafin. Da kaka, kowane buhun shinkafa a cire tiya guda. 'Yan kabu-kabu su riƙa ajiye wani abu ranar kasuwa. Goggo Tasallah, wata tsohuwa mai sayar da daddawa, ba ta da gona, sai ta jawo akuyarta guda tilo.

"Goggo, ki mai da abarki, an ɗauke miki," in ji Malam Usuman.

Ta ce, "Wa ya ɗauke mini? Ni ka tahiya kasuwa da ƙafa, ni ka shiga ruwan ga har ƙirji. Ku amsa."

Alhaji Mutawakkil kuwa shi ya sayi siminti gaba ɗaya. Amma sai da ya tsaya a kan magini ya rubuta sunansa a jikin kwalbatin tun simintin yana ɗanye, da manyan baƙaƙe, yadda ko mai gudu a kan babur zai karanta.

Aka yi gayya da rani, aka zuba jar ƙasa, aka daddaɓe. Ranar da motar farko ta shigo gari, mata har da guɗa.

To, gonar Alhaji tana daidai saman hanyar, ta inda ruwan ke gangarowa. Damina ta zo da gardama, yau a yi ruwa, sai kuma a ɗauke. Ya tsaya yana kallon ɗan ruwan da ake samu yana zurarewa ta kwalbati, ga shinkafarsa tana jin ƙishi. Sai ya sa aka ɗura yashi a buhuna, aka toshe bakin kwalbatin. Ruwa ya taru, gonarsa ta yi shar.

Babban ɗansa Sufyan, magidanci mai mata da 'ya guda, shi ya fara magana.

"Baba, ruwan ga in bai samu hanya ba, shina yin tashi."

"Kai za ka koya mini ruwa? Tun ba a haife ka ba nike noman fadama."

Malam Usuman ya same shi a bakin gona, ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Alhaji, don Allah a ɗebe buhunan ga. Ruwa shina cin gindin hanya."

Alhaji ya yi dariya, ya nuna rubutun. "Malam, karanta mini. Da simintin wa anka yi shi?"

Goggo Tasallah tana wucewa da ƙwaryarta a ka. Ta tsaya ta ce, "Mutawakkilu, da akuyata a ciki. Ita ba ta iya rubutu ba, shi ya sa ba ka ga sunanta ba."

Bai ko kalle ta ba. Mutanen gari kuma, abin takaici, suka ja bakinsu. Wannan yana cin arzikin injin ban-ruwansa, wancan motarsa ce ke kai masa mara lafiya asibiti. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ruwa ya ci gaba da aikinsa a ɓoye. Yana tsatsafowa ta gefen kwalbatin, yana kwashe ƙasa kaɗan-kaɗan. Ta sama hanya sumul, ta ƙasa kuwa kogo ne.

Can cikin damina aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Alhaji ya ga gona ta cika, ya ce yanzu taki take so. Ya aiki Sufyan kasuwar bakin iyaka ya sayo. Da safe Sufyan ya wuce ba kaya, lafiya lau. Da la'asar ya dawo, babur ya sha buhunan taki gaba da baya.

Yana hawa kan kwalbatin, ƙasa ta buɗe.

Masu aiki a gonaki suka ji ƙarar, suka sheƙo. Ruwan da aka tsare ya ɓalle da ƙarfi, babur da buhuna sun danne Sufyan a cikin ramin. Da ƙyar aka zaro shi, yana numfashi sama-sama.

Mota ɗaya ce a garin, ta Alhaji. Aka kawo ta da gudu, ta zo bakin ramin ta tsaya. Ba ta inda za ta bi. Asibiti yana Bagudo, kuma hanyar da za ta kai su ita ce wadda ta rufta.

Aka ɗora Sufyan a kan ƙyauren ƙofa, maza suka ratsa ruwa da shi, suka nufi titi a ƙafa. Alhaji yana biye, ba hula, takalmi ɗaya. A hanya Sufyan ya buɗe ido, ya ga mahaifinsa.

"Baba, ka yi haƙuri," ya ce. "Takin ya jiƙe."

Ba su kai titi da shi ba.

Wallahi ko ni da nake ba ku labarin nan, maganar takin nan ta tsaya mini a rai. Ɗa yana mutuwa, yana ba uban da ya haƙa masa rami haƙuri.

Ba wanda ya ɗora wa Alhaji laifi a zaman makoki. Goggo Tasallah ta zo ta yi masa ta'aziyya, ta yi kuka sosai, don a bayanta Sufyan ya yi wayo. Da ma ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Kaka ta zagayo, Malam Usuman ya sake ɗaukar tiya yana bi gida-gida. Mutane suka bayar, amma jiki a sanyaye. Goggo ba ta da akuya kuma. Alhaji ya sayar da motarsa, ya kai kuɗin da kansa, ya roƙi kada a faɗi sunansa a masallaci. Ya sa magini ya farfasa tsohon rubutun, aka gina sabon kwalbati ba sunan kowa.

Sai dai suna ya riga ya zauna, ba irin wanda ya nema ba.

Wata rana ya fito daga Bagudo, ya hau bayan wani ɗan kabu-kabu baƙo, wanda bai san shi ba. Yaron ya tada babur, ya waiwayo.

"Baba, cikin Tunga za ka, ko Ramin Mutawakkil kaka sauka?"

Tsohon ya gyara zama a bayan babur.

Ya ce, "Sauke ni ramin, ɗana. Nan nika sauka kullum."

Darasi: Abin da jama'a suka haɗa hannu suka gina, ba ya zama naka don kasonka ya fi yawa. Simintin mai kuɗi da akuyar tsohuwa duk amana ɗaya ce. Wanda ya toshe hanyar mutane don gonarsa, bai san ƙafar wa za ta fara rufta ba. Mu da muke gani muna shiru kuma, da hannunmu a ciki. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu kula da kuɗin gyaran hanyoyin garuruwanmu.