Alhaji Na Neman Intalokuta

Alhaji Mamuda mai gidajen mai ya dawo daga taro a Legas da sabuwar kalma, ya kira direbansa Ɓarau.

"Kowane babban mutum yana da intalokuta. Ka samo mini kafin gobe, ko ka ajiye makulli."

Ɓarau ya ce, "Mai shimfiɗa intalok, Alhaji? Ai an gama tsakar gida."

"Kai, sakarai! Abokin tunani ake nufi, wanda zai riƙa yi mini musu don ƙwaƙwalwata ta wasu."

Ɓarau ya san duk garin nan a hannun Alhaji ake ci. Wa zai yarda ya yi masa musu?

"Ranka ya daɗe, babu irinsa."

"Akwai!"

"Wallahi babu."

"Ni kake yi wa musu, Ɓarau?"

"To Alhaji, in musu nake yi, ga intalokuta ka samu. In kuwa ba musu ba ne, ka yarda babu shi ke nan. Ina laifina?"

Alhaji ya tura hula gaba, ya sosa ƙeya. "Kuma fa gaskiyarka."

"A'a, Alhaji, sam ba gaskiyata ba ce," in ji Ɓarau, ya kama sabon aiki.