Hannun da Ya Shigo ta Shingen Lambu

Akwai wani ma'aikaci a wata ƙungiya mai noma kayan lambu tana raba wa masu ƙaramin ƙarfi a unguwa. Sunansa na yanka ya ɓata, kowa Malam Murmusa yake ce masa.

Lambun yana bayan makarantar firamare, an zagaye shi da shingen waya. Akwai tankin ruwa a tsakiya, da fangulan alayyahu, karas, tumatir da kabeji. Duk ranar rabo mutane su yi layi a ƙofa, shi kuma ya tsaya da wayarsa.

Dokarsa ɗaya ce: ba a sallame ka sai ka rungume kwandon kayan da aka ba ka an ɗauke ka hoto. Yana ɗaga wayar zai ce, "Murmusa! Masu ba da tallafi ba sa son ɓacin fuska." Daga nan sunan ya bi shi.

Gaskiya mutumin ba ɓarawo ba ne, ko ganye ɗaya bai taɓa kaiwa gidansa ba. Matsalarsa, yana ji da wannan gaskiyar tasa har ba ya ganin kowa.

Abokiyar aikinsa, malamar da ke auna yara tana koya wa iyaye haɗa abinci mai gina jiki, ta sha yi masa magana.

"Malam, akwai waɗanda yunwa ke ci a gida amma ba za su iya tsayawa gaban wayarka ba. Ka bar hoton ga wanda ya so."

"Wanda yunwa ta kama da gaske ba ya jin kunya," in ji shi. "Ko Yayata ce ta zo, sai ta bi layi ta murmusa."

Kuma ya taɓa faɗin hakan a gaban Yayar tasa, a tsakar gidanta, yana dariya. Ita ma ta yi dariya, ta ƙara masa abinci.

Wannan Yayar ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Mijinta direba ne, ciwon baya ya kwantar da shi tun bara, ga yara a gabanta. Duk sanda Murmusa ya kira ta, amsarta ba ta canzawa: "Lafiya ƙalau, auta. Ka ci abinci?" Shi kuma bai taɓa tambayar ko ita ta ci ba.

Ana nan, sai aka fara ganin fangalin alayyahun da ke jikin shinge yana raguwa. Ba tumɓuke shi ake yi ba. Ganyen gefe kawai ake tsinka, a bar tsakiyar ya ci gaba da toho.

Malamar awo ta duƙa ta duba, ta ce, "Wannan ba mai sayarwa ba ne. Miyar kwana ɗaya ake ɗiba. Ka ƙyale, ko ka bar ni in bincika a hankali."

"A hankali? Tab! Yau ganye, gobe tanki. Wallahi sai unguwar nan kaf ta ga fuskar mai yin wannan."

Washegari ya yi sammako ya laɓe bayan tankin ruwa. Gari ya fara haske, sai ga wata mata ta zo ta wajen shinge, ta rufe kai da fuska da mayafi. Ta tsuguna, ta zura hannu ta ramin waya, tana tsinka tana sakawa a leda.

Bai yi mata magana ba. Daga nesa ya ɗauki hoto, nan take ya tura guruf ɗin unguwa, inda iyaye, malamai da masu shaguna duk suke. Ya rubuta a ƙasa: "Ga ɓarauniyar lambu. Wanda ya san ta ya faɗa."

Ya sa wayar a aljihu, ya kama ban ruwa yana fito.

Da malamar awo ta iso, ko sallama ba ta yi ba. Ta miƙa masa wayarta.

"Ka duba hoton nan kafin ka tura?"

"Me zan duba? Ai ga ta nan."

"Buɗe shi da kyau. Dubi hannun."

Ya ja hoton da yatsu biyu. A wuyan hannun da ya shigo ta shinge akwai tabon ƙuna, dogo, ya nufi gwiwar hannu.

Ya san tabon. Yana ƙarami ya ja tukunyar ruwan zafi, Yayarsa ta tare da hannunta don kada ya zubo masa a ka. Kowa a unguwar ya san tabon nan, domin da hannun take miƙa wa mutane gaisuwa da kaya shekara da shekaru.

Ya goge hoton, amma ina! An riga an gani, an tura gaba. A ƙasa wani mai shago ya rubuta: "Malam, wannan ai 'yar gida ce."

Ya bar tiyo yana zuba, ya nufi gidanta. Ya tarar da ita a bakin murhu tana yanka ganyen, ƙaramar 'yarta na zaune da kwano tana jira. Wayar mijinta na kan tabarma, sai ƙara take yi.

"Yaya, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Ba ta ɗago ba. "Ka gaya mini dokarka, auta. Na gwada murmushin a madubi, bai fito ba."

"Da na kawo miki har gida."

"Da ka tambaya."

Ya tsaya kamar an dasa shi. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Ita kuwa ta gama girkinta, ta zuba wa yara, ta zuba wa mijinta. Sannan ta ɗauko wani kwano ta zuba, ta ajiye a gabansa kamar yadda ta saba.

"Ci. Na lambunku ne."

Bai iya kai loma ba.

A ranar rabo ta gaba, ya bar wayarsa a ofis. Ya kuma roƙi shugabar ƙungiya ta bari a yi sabon fangali a wajen shinge, bakin hanya, wanda duk mai buƙata zai tsinka ba tare da ya gaishe da kowa ba. Aka yi. Kullum da safe ana tarar da an ɗiba, kuma layin ranar rabo ya ƙaru da fuskokin da ba a taɓa gani ba.

Yayarsa dai ba ta taɓa tsinkar ganye ɗaya a wurin ba. Ta daina bin wannan hanyar gaba ɗaya, kasuwa ma sai ta zagaya ta bayan asibiti. Tana amsa gaisuwarsa, tana karɓar abin da ya kawo, amma tun daga ranar ba ta sake ce masa auta ba. Malam take ce masa, kamar kowa.

Darasi: In za ka ciyar da mutum, kada ka karɓi mutuncinsa a madadin abincin. Kuma kafin ka tona asirin wani, ka tambayi na kusa da kai ko sun ci. Ku tura wa duk wanda ke aikin taimakon jama'a, da duk wanda ya daɗe bai leƙa tukunyar 'yan'uwansa ba.