Mai Shaida a Cikin Tulu

Dagaci Mamuda ya kafa doka, duk gidan da ya tare hanyar ruwa a rushe shi. Aka shafa wa bangon Iya Kande jan fenti, alamar rushewa.

"Ranka ya daɗe, gidana bai tare komai ba!"

Dagaci ya ƙyalƙyale da dariya. "To, kawo mai shaida wanda ya girmi garin nan."

Sai ga Kande da tulu a ka. "Ga dattijon nan, ruwa. Ai ba ya manta hanyarsa."

Ta hau tudu ta juye. Ruwa ya gangaro, jama'a na binsa da shewa, ya wuce ƙofarta ko kallo bai yi ba, ya faɗa sabon zauren dagaci har kan buzunsa.

Kande ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, in fenti ya ƙare, a kankari na bangona."