Ɗiya Aka Zo Nema

Sai yanzu kuka ga damar tambayata abin da ya sa ake ce wa Muzzammil "Diyya"? Tambayar tsofaffi ba ta dame ku ba sai in da abin dariya. To, wannan ba na dariya ba ne. Ke Khadija, rubuta a shafin naki yadda na faɗa, kada ki gyara mini baki.

Akwai wani mutum a Gwandu, Malam Rilwanu, mai shagon buga takardu. Tsohuwar kwamfutarsa tana da manhajar rubuta Hausa, wadda ta san haruffa masu ƙugiya, irin na ƙafa da ɗaki da ɓera.

Ɗan ƙanwarsa Muzzammil yana karatun kwamfuta a Kalgo. Shi ya ce zai ɗauko manhajar ya sa ta cikin waya, kowa ya yi rubutu a tafin hannunsa. Aikin ya yi kyau, ba na rage masa. Amma fuskar waya ƙarama ce, sai ya cire masu ƙugiyar don a samu wuri. Ya kuma koya wa wayar ta riƙa gyara kalma da kanta.

Malam Rilwanu ya ce, "Ina ƙugiyoyina?"

"Kawu, wa ke da lokacinsu yanzu? Mai hankali zai gane."

"In ya karanta cikin fushi fa?"

Yaron ya yi dariya, ya ce zamani ya wuce kawunsa.

To, akwai Sambo, makiyayi a bayan gari. Shekara biyu baya, bijiminsa ya shiga gonar Abubakar na Dodoru, samari suka buge shi ya mutu. Da ƙyar dattawa suka kashe wutar. Sambo ya rantse gaban liman cewa ya yafe.

Bayan haka ɗan Sambo da Hafiza, ɗiyar Abubakar, suka daidaita kansu. Sambo ya zo shago ranar Laraba a rubuta masa takardar girmamawa zuwa ga Abubakar. Babu wuta, Malam Rilwanu kuma ya tafi jana'iza. Muzzammil ya zaro waya.

Sambo ya ce, "Rubuta: ranar Juma'a bayan masallaci za mu zo gidanka neman ɗiya."

Mu nan ɗiya muke ce wa 'ya mace. Wayar ba ta da harafin, kalmar ma ba ta san ta ba. Ta gyara abinta, yaron ya tura wa babban ɗan Abubakar bai duba ba.

Ranar Juma'a gab da azahar wata mai tallar nono ta tsaya a shagon. Ta ce samarin Dodoru sun taru a ƙofar Abubakar da sanduna, wai Sambo ya karya rantsuwa.

Malam Rilwanu ya miƙa wa Muzzammil hannu. "Ba ni wayar."

Ya karanta a fili, a hankali. "Za mu zo gidanka neman diyya."

Muzzammil ya ce, "Kawu, in sake turawa?"

"Wa zai yarda da waya yanzu? Sambo ya kama hanya da 'yan'uwansa shida. Ka taɓa ganin makiyayi ya fita ba sanda a kafaɗa?"

"In na je za su dake ni."

"Mai yiwuwa ne. Hau babur, ina bayanka."

Sun iso Dodoru an taso daga masallaci. Mutanen Sambo suna bakin rijiya da ƙwaryar goro a rufe, samari sun tare hanya. Abubakar ya tako gaba, ya ɗaga murya.

"Sambo, bijimin da ka yafe gaban liman, shi ka zo karɓa?"

Sambo bai gane ba, amma ya ga sanduna, ya gyara riƙon tasa.

Muzzammil ya shiga tsakani, gwiwoyinsa a ƙasa. "Baba, ni na rubuta. Ɗiya ya ce. Ni na cire harafin, Kawu ya hana ni ban ji ba."

Wani saurayi ya ce ƙarya ce, an shirya. Malam Rilwanu bai yi gardama ba. Ya je ya ɗaga faifan da ke kan ƙwaryar.

"Wa ke kawo goro wurin neman diyya?"

Abubakar ya daɗe yana kallon goron. Sannan ya ce wa samari su aje sanduna, a kawo tabarma. Ya juyo kan yaron.

"Faɗi biyun in ji."

"Ɗiya. Diyya."

"Ashe bakinka ya san bambancin. Ɗiyar zan ba su. Diyyar kai za ka biya: ka mayar wa wayar nan abin da ka cire mata."

Mako uku ya yi a shagon kawunsa yana mayarwa. Sunan dai ya bi shi har Kalgo.

Darasi: Abin da babba ya ce kada ka yar, tambayi amfaninsa kafin ka raina ƙanƙantarsa. In kuma ka yi ɓarna, kai kanka da ƙafarka. Ni ban taɓa riƙe alƙalami ba, amma kunnena bai taɓa haɗa ɗiya da diyya ba. Ku tura wa masu rubutu da sauri.

Khadija, karanta mini in ji ko kin sa ƙugiyoyin. Ku kuma ku kashe wayoyin nan, kowa ya tashi ya kwanta.