Taku Biyar

Akwai wani direban babbar mota, Dogo ake ce masa, wanda sau ɗaya a mako yake wuni a gida. 'Yarsa guda, shekararta tara, kuma duk mako wannan ranar take jira.

An ba ta kyautar faifan roba a makaranta, irin wanda ake wurgawa ya yi shawagi a iska har wani ya cafe. Ta ce, "Baba, koya mini."

Suka fita filin ajiye motoci. Dogo ya wurga, faifai ya tsallake tirela biyu. Makanikai suka yi tafi, kansa ya kumbura. Yarinya ta ruga ta ɗauko, ya sake wurgawa. Mako biyu ana haka, shi jifa, ita gudu.

A na uku ta ce kanta na ciwo, ba za ta fita ba.

Mahaifiyar Dogo tana wanki. Ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Kanta ƙalau. Sau nawa ta cafe abin nan?"

Dogo ya yi lissafi: ko sau ɗaya.

"'Ya ka haifa ko 'yar aike?"

Tsohuwa ta tsame hannu, ta tasa shi gaba har fili. Ta auna taku biyar, ta tsaya. "Jefo. Hannuna na ce, ba sararin sama ba."

Ya jefa a hankali, faifai ya karkace ya faɗi gabansa. Ya ƙara ƙarfi, ya wuce ta gefen kunnenta.

"Oga, birki ne ya tsinke?" in ji wani makanike. Aka kwashe da dariya.

Ta ce, "Ashe ba ka iya ba, ƙarfi ne kawai. Je ka koyo."

Makon nan duk inda ya tsaya a hanya, sai ya jingina taya da bango, ya ja taku biyar, ya yi ta saitin ramin. Direbobi suna tsokanarsa, bai kula su ba. Sai a kwana na huɗu ya gane ba aikin kafaɗa ba ne, wuyan hannu ne, kuma faifan a kwance ake sakinsa.

Ranar hutu ya ce wa 'yarsa, "Zo, uwata. Sau ɗaya tak."

Ta fito tana tura baki. Ya saki faifan. Ya taho a hankali, ya sauka cikin tafukanta kamar an miƙa mata.

Ta dubi hannunta, ta ƙwala ihu, "Kaka! Na cafe!"

Ta maido masa a karkace, faifai ya gangara ƙarƙashin tirela. Dogo ya kwanta da fararen kayansa ya rarrafa. Ya fito da baƙin mai har goshi, ya ɗaga faifan ga makanikai.

"Kun ga wuyan hannu? 'Yata ce!"

Darasi: Ku iyaye, in za ku koyar da yaro, ku ajiye burga a ƙofa. Jifan da ɗanka bai cafe ba, kanka ka yi wa. Ku tura wa duk uban da ke ji da ƙarfinsa, ya karanta ya gyara.